Sawun da Baba Bai Share Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dukanmu na Allah ne, Baba dai ya riga mu komawa. Ya rasu ranar Talata da hantsi a bakin fadama, a kan ɗan filin yashin da ya yi shekara ashirin da ƴan kai yana sharewa. Masu tafiya gonar shinkafa ne suka tsince shi kwance, hularsa a gefe, katakon shararsa a hannu.

Kwana uku gidanmu bai rabu da jama'a ba. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, sun zo, masu kwale-kwale sun zo, dangin marigayiya mahaifiyarmu daga Tanda sun cika tsakar gida har babu wurin aza tukunya. Kowa zai durƙusa ya ce Allah shi jiƙan shi, in amsa, sannan ya gyara zama ya rage murya ya tambaye ni ina gwanin. Gwanin shi ne ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, wanda ake nunawa a tele yana buga golf a ƙasashen Turawa. Ƙanena, wanda direba ne, shi ya ɗauki aikin amsa musu cewa yana hanya.

Wani tsohon direba ya zo da kuka ya koma da dariya, saboda ya tuna yadda Baba yake bin gareji gareji da galan yana roƙon baƙin man da aka juye daga inji. Limamin unguwarmu ya ce bai taɓa ganin Baba a sahun gaba ba, ko da shi ya fara shiga masallaci. Wata tsohuwa daga Bengu kuwa gaisuwar mutuwa da barka ta haɗa mini a numfashi ɗaya, ta ce ai tsohon ya tafi da farin ciki tunda ya ga jikansa ya zama mutum. Na ce mata haka ne. Ƙarya na yi, ni da na shekara talatin ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, ina dukan tebur ina hana yara yin ta. Ƙaryar nan ce ta hana ni sukuni har na zauna rubuta wannan, don kada a binne Baba sau biyu, sau ɗaya a ƙasa, sau ɗaya a cikin labarin da ba nasa ba.

Baba bai taɓa zama ɗan wasa ba. Mai ɗaukar jaka ne. Tun yana saurayi ya tafi Yamai neman aiki, ya faɗa wani fili a bayan gari inda Turawa da manyan ma'aikata suke buga ƴar ƙwallo fara da sanduna har su jefa ta rami. Wanda ya jefa da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Aikin Baba shi ne ya saɓa jakar sandunan ya bi maigida, ya miƙa masa sandar da ta dace, ya gaya masa inda iska ta dosa. Filin nan babu ciyawa ko ɗaya. Kewayen kowane rami yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai don ya kwanta, kuma kafin maigida ya yi bugun ƙarshe, mai jaka zai jawo wani katako mai mariƙi ya share masa hanya sumul daga ƙwallo zuwa rami. In an gama, ya share sawun kowa, yana ja da baya. Shekara talatin Baba ya yi yana wannan, muna ganinsa daga salla sai salla.

Da gwiwa ta fara ba shi wahala ya dawo Gaya da sanduna uku da wani Bature ya bar masa, da tawul, da katakon. Mahaifiyarmu ta dubi kayan ta ce mazan mutane suna dawowa daga birni da keken ɗinki, nata ya dawo da muciya uku da ba sa tuƙa tuwo. Bayan sati guda sai ga shi ya share wani fegi a bakin fadama, ya jido yashi daga kogi, ya cuɗa da baƙin mai, ya binne gwangwanin tumatir a tsakiya. Rabin gari suka yanke cewa Yamai ta taɓa masa kai. Ni ma, Allah ya yafe mini, na sha kauce hanyar in ina tare da abokan aiki.

Akwai halayen da aikin ya bar masa har ya mutu. Ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kowa, sai ya ja baya da taki ɗaya, ko da jikanyarsa ƙarama ce. In ka tsaya ka jira shi, shi ma ya tsaya. In ya ga tsohuwa ta sauko daga kwale-kwale da ƙunshi, kafin ta ankara ya saɓa ya bi ta a baya har ƙofar gidanta, in ta miƙo masa goro ya ce ai bai gaji ba. Maganarsa kuma guda ce, ya faɗe ta a wurin wasa, ya faɗe ta a wurin cin tuwo in yaro ya bar kwano ba wanki: wanda ya buga ya share sawunsa. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ko ina zuba masa faɗa, wanda na iya ƙwarai, sai ya sunkuyar da kai kamar ita ce take yi.

Yaron yana shekara shida mahaifinsa ya rasu a hanyar Doso, muka dawo gidan Baba. Ba a yi wata biyu ba na fara nemansa da la'asar ina rasawa. Ashe yana bakin fadama, Baba ya sassaƙa masa sandar gwaba daidai tsawonsa, yana buga ƙwallon goruba. Wasan jika da kaka ya haɗa su. Yaron yana kiransa Tsoho, shi yana kiransa Maigida, suna gardamar wanda mahaifiyarmu ta fi so. Amma in an zo bugu babu wasa. Baba zai share masa hanya, ya koma bayansa ya tsaya shiru, in ya jefa ya miƙa masa katakon ya share sawunsa kafin a tafi gida. Na taɓa zuwa da bulala saboda karatu, Baba ya tare ni ya ce in tsaya in ga bugu ɗaya tukuna. Na ga goruba ta tashi ta wuce kan kukar da ke bakin hanya, daga hannun yaron da bai iya ɗaura wandonsa da kyau ba. Na koma gida da bulalata.

Daga nan abin ya yi sauri. Yana shekara goma sha biyu Baba ya kai shi Yamai a bayan kamyon ƙanena, ya roƙi tsofaffin iyayen gidansa su bar shi ya gwada. Ya cinye manyan mutane masu tumbi da sanduna uku. Suka riƙe shi, suka sa shi lakwal a can, suka saya masa jaka cikakkiya. Baba ya koma ɗaukar jaka da gwiwarsa mai ciwo, wannan karon jakar jikansa. Shekara biyar ba a sami wanda ya kai shi a kan yashi ba. Duk hutun da suka zo Baba sai ya yi ta ba ni labarin bugu ɗaya ɗaya, ni da ban san kan abin ba, har in ce masa tuwo na hucewa.

Yana shekara goma sha bakwai aka gayyace shi wata gasa ta matasa a wani birni na bakin teku. Wanda ya zo na ɗaya za a ɗauke shi makarantar wasan a ƙasar waje. Ban je ba, ƙanena ne ya kai su, kuma daga bakinsa na ji abin da zan faɗa. Filin can ciyawa ne kore shar, an aske ta ƙasa ƙasa a kewayen rami. Baba bai taɓa taka irinsa ba. Ƙanena ya ce da suka shiga sai da ya cire takalmi. Kwana uku ana bugawa yaron yana gaba. A ramin ƙarshe ƙwallonsa ta tsaya taki huɗu daga rami, jama'a sun yi tsit, shi ya juya yana zaɓen sanda. Sai Baba ya ga ciyawar ta ɗan tashi a kan hanyar. Hannun da ya shekara talatin da biyar yana abu ɗaya bai tsaya shawara da kai ba. Ya durƙusa ya shimfiɗa tawul ɗinsa, ya ja shi sumul daga ƙwallo har bakin rami, kamar yadda ya saba yi wa kowane maigida da ya girmama.

A kan yashi wannan ladabi ne. A kan ciyawa haramun ne. Alƙalin wasa ya zo ya ƙara wa yaron bugu biyu na horo, kuma da bugu ɗaya tak wani ya wuce shi.

Ƙanena ya ce Baba bai ma gane abin da ya faru ba, yana tsaye yana murmushi da tawul a hannu, sai da yaron ya juyo kansa a gaban mutane.

"Wa ya ce ka taɓa? Nan ba yashin Gaya ba ne. Aje jakar ka tahi gida, ka kashe ni."

Wasu ƴan garinmu da ke wurin sun ɗauka wasan jika da kaka ne, har ɗaya ya yi dariya. Amma yaron bai ce Tsoho ba. Baba ya sauke jakar, ya zaro sandunan ɗaya bayan ɗaya ya goge su, ya mayar da kowace gurbinta, ya naɗe tawul ɗin ya aza a kai. Kwana biyu shi da ƙanena suka yi a hanya zuwa Gaya, ƙanena ya ce ban da salla babu abin da ya buɗe bakinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaron bai mutu ba kamar yadda ya ce. Wani mai horarwa da ya ga bugunsa ya ɗauke shi duk da haka bayan shekara guda. Ya tafi daga Yamai bai biyo ta Gaya ba. Ya koyi ciyawa, ya shiga sahun masu cin abinci da wasan, ya fara cin kofuna, aka fara sa hotonsa a jikin kwalaye. Shekara tara ke nan. Yana kirana a waya, yana aike, ba zan yi masa ƙazafi ba. Zai ce, Inna, kowa lahiya? In ce kowa lahiya. In yi shiru ina jira ya kama sunan Tsoho da bakinsa, shi ma ya yi shiru, sai mu koma maganar ruwan sama. Ni ban ce masa ga kakanka ba saboda ina ganin shi ya yi laifi, shi ya kamata ya fara. Taurin kan da nake zaginsa da shi a nonona ya sha.

In na ajiye wayar kuma sai in tarar da Baba a bakin ƙofa yana gyaran carbin da bai tsinke ba. In ce masa Maigida yana gaishe ka. Ya ce yana amsawa. Shekara tara ina ƙera gaisuwar nan da hannuna, har na iya yi mata ado, in ce ya tambayi gwiwa, ya tambayi fili.

Filin kuwa bai kwana ba shara ko sau ɗaya. Kowace safiya bayan ya karya zai saɓa katako ya tafi, ya cire kashin awaki, ya yayyafa mai, ya ja yashin sumul, ya fito da baya yana share sawunsa. Babu mai bugawa. Yaran unguwa ƙwallon ƙafa suke so. Na ce masa wahalar me yake yi wa kansa, ya ce Maigida zai iya zuwa ba sanarwa, kuma ba a barin maigida ya tarar da fili da sawu.

Yaron ya aiko mana da babbar tele. Ranar da ake nuna wasansa gidanmu ya cika, ana ta ihu, amma Baba ba jikansa yake kallo ba. Mutumin da ke ɗauke da jakar yake kallo, wani dogon Bature. Sai ya yi ta gunaguni cewa ya cika matse shi, ya cika magana, ga shi yana shiga gabansa. Daga baya sai ya yi ajiyar zuciya ya ce amma dai ya san ciyawa. Wata rana ƙanena ya kawo wata mujalla ta Faransanci da aka rubuta tarihin yaron a ciki, Baba ya sa ni in fassara masa. An rubuta cewa yaron shi ya koya wa kansa wasa a bakin kogi da sandar itace da ƙwallon goruba, babu malami, babu kowa. Na jefar da mujallar, na ce abin da bai kamata uwa ta ce a kan ɗanta ba. Baba ya ɗauko ta ya kakkaɓe, ya daɗe yana duban hoton, ya ce ai ba su yi ƙarya ba, goruba ce, sandar kuma ta gwaba ce, da sun tambaya da an gaya musu.

Sati guda kafin rasuwarsa, bayan la'asar, ina tsince shinkafa a tsakar gida ya zo ya zauna kusa da ni, abin da ba ya yi. Ya daɗe yana murza gwiwa kafin ya yi magana.

"Uwata, kullum kina kawo mini gaisuwa tai, na gode. Amma bai taɓa ce miki ya yahe mini bugu biyun nan ba?"

Na ajiye faifan. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Ashe duk shekarun nan da nake jiran yaron ya zo ya durƙusa, tsohon nan yana can yana jiran a yafe masa.

"Baba, kai za a yahe ma? Kai da ka ɗauke shi a wuya? Shi za ya zo ya roƙe ka, ko ya ƙi ko ya so. Ni ba ni roƙa maka gahwara wurin ɗan da na haihwa."

Ya dube ni, ya ce to. Ya dafa bango ya tashi ya tafi alwala.

Wannan ce maganar ƙarshe mai nauyi da ta shiga tsakanina da mahaifina. Kalma biyu yake nema, ya yafe. Na shekara tara ina yi masa ƙaryar da ba ta da amfani, ranar da ya roƙi guda ɗaya da zai tafi da ita kabari sai na tuna ni mai gaskiya ce. Da na ɗaga waya a daren ma na faɗa wa yaron abin da kakansa ya tambaya, na san da ya kira. Ban ɗaga ba, ina fushi, ina cewa gobe. Da na sani ƙeya ce, kuma tawa ta yi mini nauyin da ban san inda zan aza ta ba.

Ranar da aka kai shi, da jama'a suka ɗan ragu, na zame na tafi filin. Ya gama share rabi. A ɗaya rabin ga sawunsa nan, tafin ƙafa ba takalmi, da babban yatsan hagu da ya karkace. Tun da na san filin ban taɓa ganin sawun Baba a kai ba. Na koma gida na ɗauko daron wanki na kife a kan wanda ya fi fitowa, na danne da dutse. A kwana na biyar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanke sauran duka.

Yaron ya iso ranar sadakar bakwai. Gadar kan iyaka a rufe take, a kwale-kwale ya ƙetaro kogi daga Malanbil, ya shigo da wando jiƙe har gwiwa. Mutane suka taso masa, masu gaisuwa da masu son hoto. Ya yi tsawo, ya yi jiki, fuskar ce kawai ta mahaifinsa. Ban yi masa faɗan da na shekara tara ina tanadi ba. Da aka shafa fatiha na ce ya biyo ni, muka tafi bakin fadama mu biyu, na ɗage dutsen na buɗe daron.

Ya gane. Ya durƙusa a kan yashin, ya kai hannu kamar zai taɓa, ya janye. Da ya yi magana muryarsa ta koma ta yaron nan mai sandar gwaba.

"Inna, Tsoho ya yahe mini?"

Na so in ce masa e. Bakina ya saba. Amma na riga na gaya wa tsohuwar Bengu ƙaryata ta ƙarshe.

"Bai san kana da laihi ba. Taka gahwarar yake jira har ya mutu. Ya tambaye ni, na hana shi."

Bai yi kuka da sauti ba. Ya kifa goshinsa a kan yashin kusa da sawun, yana cewa ai tun a hanyar komawa masauki ya huce, kunya ce ta hana shi, kullum yana cewa sai ya ci babban kofi ya kawo masa. Ban rarrashe shi ba, don ban ga wanda zai rarrashi wani a cikinmu ba.

Da rana ta yi ƙasa ya tashi ya ɗauki katakon, wanda na jingine a jikin kuka tun ranar. Ya fara daga bakin gwangwanin yana ja da baya. Ya share sawun takalminsa, ya share nawa, ya share gurbin gwiwoyinsa da na goshinsa. Hannun bai manta ba. Da ya zo kan na Baba ya kewaye shi. Na mayar da daron na danne, ko da yake na ga gefen ya fara zubewa, kuma hadari yana sake haɗuwa ta gabas.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, mai tafiya a bayan mutane. Ka jiƙansa, ka yalwata masa makwanci, ka sa shi a sahun gaba ko da ya ja baya. Kuma ka isar masa da kalma biyun da ya roƙe ni ina tsince shinkafa, don yanzu gaskiya ce, kuma ba ni da hanyar kai masa.